Tenhiya: akwati na zaune, masu zaɓe na tafe

Matafiyin da ya bar Damagaram da asuba ya kama hanyar Agadas, tun rana ba ta ɗaga ba zai wuce matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe cikin watan Nuwamba na shekarar 2011 a ƙasar Olelewa. Daga nan sai Bakin Birji, sai Sabon Kafi, sai Tanut, babban garin Damargu, tafiyar kusan kilomita 150. Duk tsawon wannan hanya ido ba ya rabuwa da gona. Idan kaka ce, ga rumbuna cike a bayan kowane ƙauye, ga kara an tara, ga amalanken shanu suna jan dammunan gero zuwa gida. Amma da an fita Tanut ta arewa, sai gonakin su fara raguwa, tazarar da ke tsakanin ƙauye da ƙauye ta yi ta ƙaruwa, har a kai inda ba a ƙara ganin karan gero ko ɗaya. Sai karangiya da kandili da aduwa, sai raƙuma suna miƙa wuya bisa itace, sai wani yaro can nesa da sanda a kafaɗa yana bin bisashen da ba a hango ƙarshensu.

Doka ma ta san da wannan canji. Cikin watan Mayu na 1961, ƴancin kai yana da wata tara kacal, gwamnatin Jori Hamani ta ja wani layi daga yamma zuwa gabas, ta kira shi iyakar noma ta arewa: kudu da shi ƙasar manoma, arewa da shi ƙasar makiyaya. Ƙaruwar jama'a da gajiyar gonakin kudu sun sa hauya ta daɗe da tsallake layin, amma dokar tana nan ba a soke ta ba. A wannan ɓangare na arewa ne ƙaramar hukumar karkara ta Tenhiya take, abin da kowa ke kira komin. Ta yi iyaka da Adarbisinat ta jihar Agadas daga arewa, da Tesker daga gabas, da Tanut daga kudu, da ƙasar Tarka daga yamma, wadda aka cire daga Tanut a 2011 aka yi gundumar Balbeji da ita. Ƙidayar 2012 ta ba Tenhiya mutum dubu talatin da ɗoriya, warwatse cikin filin da mota mai ƙarfi ke yini ba ta ratsa shi ba. Abzinawa ne da Fulani mafi yawa, da Larabawa, da Hausawa da Dagirawa masu kasuwanci da ƴan gonaki a gefen kudu.

Ƙasar nan ba ta taɓa zama bayan duniya ba. Damargu ita ce rumbun Azbin: geronta ne ayarin Kel Ewe ke ɗauka zuwa duwatsu, da shi ake sayo gishiri da dabino a Bilma da Fashi. Babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Tarabulus ta nan ta bi. Cikin watan Janairu na 1851, a Tagelel ta Damargu ne Bajamushen nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, bayan sun sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri. A 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta biyo sawun ayari har Damagaram. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar hamada ta mutu, ƙasar da ke tsakiyar hanya ta koma gefe. Abin da bai mutu ba shi ne rijiyoyi. Su ne tashoshin ayari a da, su ne kuma garuruwan makiyaya a yau, domin a nan in aka tambayi mutum daga ina yake, sau da yawa sunan rijiya zai faɗa.

Wanda ya nufi garin Tenhiya sai ya sauka daga kwalta ya bi sawun taya cikin rairayi, kuma gara ya ɗauki wanda ya san ƙasa, don sawun yakan rabu gida uku ba tare da wata alama ba. Garin bai da girma. Abin da ya mai da shi babban gari shi ne takardar da aka sa wa hannu a Yamai, wadda ta ce nan ne mazaunin komin, nan za a aje hatimi da tuta da kundin haihuwa. Makiyayi kuwa ya san komi tun kafin ya ji kalmar komin, wato kwamin da bisashensa ke shan ruwa a bakin rijiya, kuma har gobe na farkon ya fi damunsa.

Yadda komin ta zo nan labari ne mai ɗan ɗaci, domin mutanen arewa ne suka fi kowa nemanta. Tawayen da ya tashi a farkon shekarun 1990 babban kukansa shi ne a bar kowane yanki ya riƙe al'amuransa, kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin haka. An yi gwajin farko ranar 7 ga Fabrairu 1999, zamanin Janar Ibrahim Bare Mainasara. Da alamu suka nuna ƴan adawa ne ke gaba, sai aka far wa wuraren tattara sakamako a garuruwa da dama, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a wurare masu yawa, kuma ranar 9 ga Afrilu aka kashe shugaban a filin jirgin saman Yamai. Zaɓen ya bi shi kabari. Sai cikin watan Yuni na 2002, zamanin Tanja Mamadu, doka ta raba ƙasa komin 265, na karkara 213, na birni 52, Tenhiya na cikinsu. Ranar Asabar 24 ga Yuli 2004 aka fita zaɓen ƴan majalisun komin 3,747 a faɗin ƙasa. MNSD-Nasara ce ta zo ta farko, amma waɗanda suka je rumfunan zaɓe ba su kai rabin masu rajista ba.

To, mai karatu ya dubi wannan rana da kyau: 24 ga Yuli. A Yamai rana ce kamar kowace, ma'aikata na hutun ƙarshen mako. A kudancin Damargu lokacin noman farko ne, wanda in manomi ya yi sakaci da shi kwana uku ciyawa ta cinye shuka. A Tenhiya kuwa lokaci ne da sabuwar ciyawa ta fito, tafkuna suka kama ruwa, makiyayi ya huta da jan guga bayan wata takwas ko tara, ya kwashe iyali ya bi hadari. Wasu su nufi Tadres, wasu su miƙe har ƙasar Ingal inda bisashe ke lasar gishiri. Rijiyar da aka rubuta sunan mutum a kanta, inda aka kai akwatin da zai jefa ƙuri'a, ita ce wurin da ba shi da abin yi a cikinsa a wannan wata. Ba wanda zai juyo da garke tafiyar kwana huɗu domin ya dangwala yatsa a tawada.

Zaɓuɓɓukan da suka biyo baya an kai su lokacin ɗari. Na 27 ga Disamba 2009, na zamanin tazarce, ƴan adawa sun ƙaurace masa, kuma majalisun da ya haifar ba su yi rai ba, juyin mulkin Salu Jibo na 18 ga Fabrairu 2010 ya share su. Sai na Talata 11 ga Janairu 2011, sai na Lahadi 13 ga Disamba 2020. Za a ce ɗari ya fi damina, kuma da gaskiya a ciki, tun da hanyoyi sun bushe, mota na iya kai akwati ko'ina. Sai dai lokacin ne ake sakin gonaki a kudu, garkuna su gangara cin kara da harawa a ƙasashen Gangara da Olelewa da Tasawa, wasu har su tsallaka Najeriya. Lokacin ne kuma samari ke tafiya cin rani. Da Kano da Legas da Libiya da Aljeriya ne. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sai aka samu sabuwar alƙibla. Wanda ya zagaya zangunan Tenhiya a watan Disamba, tsofaffi zai tarar da mata da yara, da ƴan awakin da aka bar musu don nono. Kalandar zaɓe an tsara ta bisa wa'adin tsarin mulki da kuɗin masu ba da tallafi, ba a taɓa tsara ta bisa tafiyar saniya ba.

Ko wanda yake nan bai tafi ko'ina ba, ranar zaɓe tana da tsada gare shi. A rani aikin rijiya tun kafin alfijir ake fara shi. Rijiyoyin ƙasar nan masu zurfi ne, ba a jan wasaki da hannu: raƙumi ko jaki ko takarkari ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora shi ya yi nisa har gugar ta fito, babba na tsaye a baki ya tare ta ya juye a komi, a dawo a sake. Haka za a yi ta yi har rana ta karkata. Kowane gida da lokacinsa, kowane garke da ranarsa, baƙo kuma sai masu rijiya sun gama. Wanda ya bar layinsa ya tafi rumfar zaɓe, shanunsa za su kwana da ƙishirwa, kuma saniyar da ta saba shan ruwa bayan kwana biyu ba ta jure na uku cikin sauƙi. Ma'aikacin da ke zaune a ofis, wanda rumfar zaɓensa ke cikin lakwal ɗin unguwarsu, yana iya kiran wannan rashin kishin ƙasa. Da zai riƙe igiyar nan yini ɗaya, da ya sassauta harshe.

Sai maganar takarda. Yaron da aka haifa a ƙarƙashin tanti, tafiyar yini biyu daga inda kundin haihuwa yake, ba ya samun takardar haihuwa, kuma in ya girma ba ya samun katin ɗan ƙasa. Shekara da shekaru dokar zaɓe tana rufe wannan rami da shaidu: mutum biyu su tsaya su ce sun san wane, sai a bar shi ya jefa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016 wannan hanya ta jawo babbar gardama, domin ta shafi mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, ƴan adawa suna cewa ƙofar maguɗi ce. Domin zaɓen 2020 hukumar zaɓe ta CENI ta yi sabuwar rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsu, wadda ta tara mutum miliyan 7.4, aka kuma tura alƙalai ƙauye-ƙauye suna ba da takardun haihuwa kyauta. Aiki ne mai kyau. Amma na'urar ɗaukar hoto ita ma zama take yi a wuri guda na ƴan kwanaki, sannan ta tashi. Wanda ta zo ba ya nan, ya fita daga lissafi tun kafin a fara kamfe, kuma ba za a ƙidaya shi ko cikin waɗanda suka ƙi fita ba.

Kamfe a irin wannan ƙasa ba ya kama da na birni, inda akan cika fili da kujeru da makaɗa da lasifika. A shekarun da ake yin sa, ɗan takara kan yi hayar kat-kat, ya cika durom da mai, ya ɗora buhun sukari da kwalin shayi da turamen atamfa masu launin jam'iyya, da taba da goro, ya ɗauki ɗan jagora, ya shiga daji. Ba ya neman taro, don babu taron da zai samu. Mutum ɗaya yake nema a kowane zango, arɗo ko tambari ko dattijon da ya gina rijiyar. A shimfiɗa tabarma a inuwar tanti, a ɗora shayi a kan gawayi, a gaisa gaisuwa mai tsawo: ina gajiya, ina iyali, ina bisashe, yaya ciyawar bana. Sai an sha kofi na biyu ake taɓo abin da ya kawo baƙo, shi ma a kaikaice. Dattijo ba ya cewa a'a, don ba a kunyata wanda ya sha rana ya zo. Yakan ce Allah ya nuna mana lokacin. Gobe wata motar ta zo da wani launi, a ɗora mata shayi da sukarin da ta jiya ta bari, ita ma a yi mata addu'a iri ɗaya. Sunayen jam'iyyun kuwa duk na alheri ne, kamar an tsince su daga bakin liman: Nasara, Tarayya, Rahama, Zaman Lafiya, Jama'a, Gaskiya, Lumana, Jamhuriya, Canji. Jihar Damagaram ta daɗe tana bayan Mahaman Usman, tun yana CDS-Rahama har ya koma RDR-Canji. Maƙwabciya Tesker kuwa ita ce mazaɓar da ta fara kai Bazum Mohamed na PNDS-Tarayya majalisar dokoki. Tenhiya na tsakanin iskokin nan biyu. Amma a bakin rijiya ba a cika tambayar me jam'iyya ta ƙudura ba. Tambayar ita ce ɗan wane ne a jerin sunayenta, kuma wace rijiya danginsa ke sha.

Tsarin zaɓen da kansa ya taimaka wajen nisanta mai zaɓe da wanda ya zaɓa. A lokacin da ake zaɓen, ba mutum ake jefa wa ƙuri'a ba, jerin sunayen jam'iyya ne, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Wanda ke saman jeri ya shiga, na ƙasa ya yi wa wani aiki. Su waɗanda suka shiga su ne ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, kuma a nan ne ake cinikin gaske, cikin ɗaki, bayan jama'a sun watse: ƙawancen da aka ƙulla a Yamai ya sauko, ko wani attajirin ɗan ƙasar da ke zaune a Agadas ko Damagaram, wanda ya biya kuɗin mai da na atamfa, ya faɗi wanda yake so. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ƙara sharaɗin cewa sai mai takardar BEPC zai zama magajin gari ko mataimakinsa. A birni wannan ba komi ba ne. A ƙasar da lakwal ta zo a makare, kuma yaro ya fi amfani a bayan garke, masu wannan takarda ƴan kaɗan ne, mafi yawansu kuma sun daɗe da barin daji. A zamanin majalisun, sarakunan gargajiya suna da kujera da bakin magana a majalisa, amma ba su da ƙuri'a. Mata kuwa dokar kaso ta 2000 ta ba su kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai shi 15 a 2014, aka kai 25 a 2019. Sau da yawa maza ne ke zama su zaɓo wadda za a rubuta, matar wane ko ƙanwar wane.

Sannan, in an zaɓe su, me ke hannunsu? Babban abin da komin karkara ke dogara da shi shi ne lanho, harajin kai, wanda a shekarun farko dala ɗari da arba'in ne, wato tamma 700, a kan kowane baligi, sarakuna su tara su cire ladansu. Bayan shi sai harajin kasuwa da na sayar da bisashe. Jangali tun zamanin Seyni Kunce aka daina karɓarsa. Dukiyar Tenhiya tana tafiya da ƙafa huɗu, kuma inda aka sayar da ita nan harajinta ke zama: raƙumin da ya yi ƙiba da ciyawar Tenhiya, in an kai shi kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji, asusun wata komin ya cika. Abin da ya saura da ƙyar yake biyan sakatare da mai karɓar kuɗi da kuɗin zaman majalisa. Majalisun farko ba su daɗe da zama ba sai ga yunwar 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, lokacin da mutanen Damargu suka koma cin anza, gundumar Tanut kuma ta shiga bakin gidajen rediyon duniya. Cikin watan Janairu na 2008 ƴan tawayen MNJ suka shiga garin Tanut suka tafi da perefe. A 2010 rashin ciyawa ya kashe bisashe ba adadi a duk yankin makiyaya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan bala'o'i, buhun hatsi da na dusa daga gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka fito, magajin gari nasa rakiya ne da sa hannu. A 2016 gwamnati ta ba da dokar miƙa wa komin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Nauyin ya sauko, kuɗin ya yi nawa a hanya. Makiyayi ba ya karanta kasafin kuɗi, amma yana ganin tambarin da ke jikin motar da ta kawo dusa.

Duk da haka kuskure ne a ce mutanen nan ba su damu da komin ba. Akwai inda suka damu ƙwarai, har fiye da mutanen birni, kuma wurin shi ne ruwa. A ƙasar makiyaya doka ta hana mutum ya mallaki fili. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 sun ce makiyaya ta kowa ce, sun kuma amince cewa yawo da bisashe haƙƙi ne. Abin da suka bar wa al'umma shi ne fifiko a mazauninta na asali. Amma kowa ya san wanda ya riƙe rijiya ya riƙe ciyawar da ke kewaye da ita, iyakar inda saniya za ta je ta dawo. Neman izinin gina sabuwar rijiya, da zaɓen inda za a kafa ta siminti ko famfo, da kwamitin da zai riƙe ta, duk suna ratsawa ta hukumar filaye da ofishin magajin gari. Don haka tun da aka kafa komin, ƙungiyoyin makiyaya da yawa, har da Wodaɓe waɗanda aka sani da ƙin zama, suka shiga kafa mazauni: a gina ɗaki biyu na laka kusa da rijiya, a nemi aji ɗaya na lakwal, a nemi rumbun tsimi, a bar tsofaffi su tsare. Daga cikin abubuwan da akan nema har da rumfar zaɓe, don rumfa shaida ce cewa hukuma ta san da wurin, kuma ta san na wane ne. A zamanin majalisun, gidan da ke da ɗa a majalisa yana da kunne a inda ake raba rijiyoyi. Gidan da ba shi da kowa, wata rana zai wayi gari ya ga ana haƙa a tsakiyar makiyayarsa, da takarda mai hatimi. Inda irin wannan ke kan faranti, akan ga an aika mota ta kwaso mutane daga nesa, har tsohuwar da ba ta iya tsayuwa.

Shi ya sa alƙaluman fitowa zaɓe a yankunan makiyaya suke buƙatar a karanta su da hattara, ko sun yi ƙasa ko sun yi sama. Rumfar da ke nesa, wadda wakilan jam'iyyu ba su da man zuwa, tana iya dawowa da akwati kusan wofi, tana kuma iya dawowa da shi cike maƙil, kowane mai rajista ya jefa, har wanda ke Jado da wanda ke Sabha. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu 2021, Mahaman Usman ya yi ƙorafin cewa a Timiya ta jihar Agadas an rubuta fitowar kashi 103 cikin ɗari. Kotun Tsarin Mulki dai ta tabbatar da nasarar Bazum. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai, waɗanda suka bi zaɓuɓɓukan karkara ƙauye-ƙauye, sun nuna cewa sayen ƙuri'a da jefa wa wanda ba ya nan ba sana'ar jam'iyya ɗaya ba ce, kowace takan yi a inda take da ƙarfi.

Abin da ya ƙara sanyaya gwiwar jama'a shi ne ganin yadda masu mulki da kansu suka riƙi zaɓen. Wa'adin majalisun 2011 shekara biyar ne, ya kamata a sabunta su a 2016. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, aka gyara doka don a riƙa tsawaita musu, har suka kusa shekara goma a kujera. Cikin wannan tsakani majalisar ministoci ta tuɓe magadan gari da dama a faɗin ƙasa, ciki har da na Yamai, a wasu wurare ta naɗa kantomomi. A wancan zamani, zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisar dokoki ba a taɓa yi musu irin wannan jinkiri ba. Idan babba ya nuna abu ba shi da gaggawa, da wuya a ga laifin ƙarami in ya ƙi barin rijiya dominsa.

Waɗanda aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 ba su cika nasu wa'adin ba. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, kuma ranar Alhamis 4 ga Afrilu 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a dokar rushe majalisun komin da na birane da na jihohi baki ɗaya. Aka naɗa kantomomi a madadinsu, da yawansu masu kaki. Cikin watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa su ma. A Tenhiya labarin farko ya zo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan rijiya ke ja da baya, igiya ke ƙara tsawo, farashin dusa ke hawa, kuma ba wanda ke da sukunin zama gindin rediyo. Hatimi yana nan, tuta tana nan, kundin haihuwa yana nan. Wanda ke riƙe da su ne ba a tambayi kowa ba kafin a ba shi. Mai neman izinin rijiya yanzu ba ya neman ɗan uwa a majalisa, sai ya bi ta wajen sarkinsa, ko ya nemi wanda ya san wani a Tanut.

Matafiyin da ya kwana a wani zango kafin ya koma kwalta, in hira ta yi daɗi har maigida ya kwance jakar fatar da yake aje takardunsa, zai ga abin da ke ciki. Ga takardar rigakafin bisashe, ga katin zaɓen 2020 da hotonsa, sabo ƙal kamar jiya aka buga shi. Ga kuma katin iyali, wanda sarki ke duba wa in an zo karɓar lanho, shi ne kuma ake tambaya ranar rabon hatsi da dusa. Wannan ya yi laushi don yawan buɗewa, ya yage a lanƙwasa, an ɗinke shi da zare, an naɗe shi cikin leda biyu.